Ilimi a Aljihun Mutum Ɗaya: Me Ke Hana Malaman Manyan Makarantun Kazaure da Babura Amfana da Juna?

Daga Kazaure zuwa Babura ba wata doguwar tafiya ba ce. Mutum zai yi sallar asuba a ɗaya, hantsi ya yi masa a ɗaya. A wannan kusurwa ta arewa maso yammacin Jihar Jigawa, wadda a da mafi yawan 'ya'yanta sai sun nufi Kano ko Zariya kafin su ga ƙofar babbar makaranta, yau akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, akwai cibiyar koyar da kwamfuta ta jiha, akwai jami'ar fasaha ta tarayya, ga makarantar ungozoma, ga kwalejin share fagen shiga jami'a. Gine-gine sun tashi, an ɗauki malamai, ɗalibai na kwararowa daga Roni, Gwiwa, 'Yankwashi, Garki, Daura, Dambatta da wuraren da suka fi nan nisa.

Idan ana lissafin ci-gaban ilimi a yankin, gini ake ƙirgawa da yawan ɗalibai da kwasa-kwasan da aka amince da su. Akwai tambayar da ba a cika yi ba, alhali ita ce ke bambanta makaranta mai rai da tarin ajujuwa. Shin abin da malamin Kazaure ya sani yana isa kunnen malamin Babura? Kai, yana ma isa kunnen wanda suke zaune ofis ɗaya? Matsalar ƙunshe ilimi tsakanin malaman manyan makarantu ta ƙasa ce baki ɗaya, ba ta wata makaranta ɗaya ba. Amma a wannan yanki ta fi gaggawa, domin tsofaffin hannu sun kusa ajiye aiki a daidai lokacin da sabuwar jami'a ke neman tsayawa da ƙafafunta.

Makarantu masu tushe ɗaya

An ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano ranar 27 ga Agusta, 1991. A wannan shekarar aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jihar, mai rassa huɗu: ɓangaren fasaha a Kazaure, kasuwanci da gudanarwa a Dutse, aikin gona a Haɗeja, shari'a da ilimin addinin Musulunci a Ringim. Daga baya aka sanya mata sunan marigayi Sarkin Kazaure, Alhaji Hussaini Adamu. A 2007 gwamnatin tarayya ta karɓi ɓangaren Kazaure, sauran rassan kuma kowanne ya ci gashin kansa. Na Haɗeja shi ne yau ake kira Kwalejin Binyaminu Usman. Ke nan akwai lokacin da masanin aikin gona na Haɗeja da injiniyan Kazaure suke ƙarƙashin shugabanci ɗaya, suna haɗuwa a taron hukumar makaranta ɗaya.

A 2001, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, aka buɗe cibiyar koyar da fasahar sadarwa a Kazaure tare da haɗin gwiwar kamfanin Informatics na ƙasar Singafo, abin da ya sa har yau jama'a da wannan suna suka fi saninta. A lokacin da kwamfuta take baƙuwa a mafi yawan ofisoshin Arewa, matasa daga jihohi daban-daban suna zuwa Kazaure koyon ta. Shekaru fiye da ashirin na koyar da wannan fanni ba ƙaramar taska ba ce.

A Babura kuwa, mahaifar tsohon Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, jiha ta kafa makarantar ungozoma da kwalejin share fage. Sai kuma a watan Yunin 2021 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da kafa sababbin jami'o'i huɗu: na fasaha a Babura da Ikot Abasi, na kiwon lafiya a Azare da Ila Orangun. An ware wa kowace jami'ar fasaha naira biliyan 4 daga asusun TETFund domin fara aiki. Idan aka leƙa maƙwabta, ga Daura da kwalejin fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Dambatta, ga Jami'ar Bayero a Kano wadda ta yaye da yawa daga cikin malaman da ke koyarwa a waɗannan wurare. Kusan duk wani fanni da yankin ke buƙata, akwai masaninsa a tazarar da ba ta wuce tafiyar safiya ɗaya ba.

Ilimin da ba ya cikin littafi

Duk wanda ya taɓa koyarwa a babbar makaranta a ƙasar nan ya san irin wannan labari. An ɗauki matashi aiki, ya gama cike takardu ranar Alhamis. Shugaban sashe ya kira shi ya ce, “Malam, ga kwas uku, ranar Litinin za ka shiga aji.” Ya tambayi inda zai samu bayanan darasin. Aka ce masa wanda ya shekara goma sha wani abu yana koyar da su ya samu canjin wurin aiki, kuma da kayansa ya tafi. Abin da ya rage a fayil shi ne rabin shafi na kanun darussa. Ba tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ba jerin gwaje-gwajen da ake yi, ba wanda zai gaya masa cewa a mako na biyar ɗalibai kan rikice, sai an koma an tuna musu wani lissafi na sakandare. Ƙarshe sai ya nemi ɗalibin da ya ci kwas ɗin bara, ya ari littafin rubutunsa ya kai shagon hoto a kwafe masa. Da rubutun ɗalibi, da kurakuransa, sabon malami zai fara aikin koyarwa.

Labari na biyu ya fi wannan ciwo. A ɗakin koyon aikin hannu akwai dattijon ma'aikacin fasaha da ya shekara talatin da injin sassaƙa ƙarfe. Daga ƙarar injin yake gane bakin wuƙar ya dakushe. Ya san makunnin da ake fara dannawa idan da janareta ake aiki, don kada wuta ta yi wa injin yawa. Ya san shagon da ake samun bel ɗinsa a Ƙofar Ruwa a Kano, ya san wanda za a sa a madadinsa idan na asali ya yi wuya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba a rubuce yake ba. Ranar da zai yi ritaya aka shirya 'yar walima, aka yi jawabai, aka ba shi kyauta, aka yi addu'a. Bayan wata shida injin ya tsaya, aka lulluɓe shi da tamfol, aka rubuta takardar neman kuɗin sayen sabo.

Masana harkar gudanar da ilimi sun daɗe da raba sani gida biyu: wanda ake iya rubutawa a ajiye, da wanda ke zaune a hannu da ido da gogewar mai shi. Masanin falsafa Michael Polanyi ya yi bayani a kan na biyun a 1966, sannan a 1995 Ikujiro Nonaka da Hirotaka Takeuchi suka nuna cewa ƙarfin kamfanonin Japan yana cikin yadda suke fito da irin wannan sani daga kan ma'aikaci ɗaya ya zama na kowa. Makarantar fasaha ta fi kowace dogaro da shi, domin walda, haɗa wayar lantarki, karɓar haihuwa da gano kuskure a manhajar kwamfuta duk sai an tsaya kusa da gwani ake iya su.

Ga kuma lissafin da ya kamata ya tayar da hankali. Dokar 2012 ta kai shekarun ritayar farfesa 70, ta malaman kwalejojin fasaha da na ilimi kuma 65. Wanda ya fara aiki a Kazaure a farkon shekarun 1990 yana ɗan shekara talatin, yanzu yana bakin ƙofar fita. Rukunin farko da suka gina sassan nan daga tushe, waɗanda suka san dalilin da ya sa aka tsara komai yadda yake, za su tafi kusan lokaci guda.

Me ya sa ake ƙunshe hannu?

Kuskure ne a ce rowa ce kawai. Mafi yawan malamai mutane ne masu son a amfana da su, shi ya sa ma suka zaɓi aikin. Tsarin da suke ciki ne ke ladabtar da mai bayarwa, ya saka wa mai ɓoyewa.

Babban dalili shi ne ƙarin girma. Abin da kwamitin tantancewa ke ƙirgawa shi ne yawan muƙalun da malami ya wallafa a mujallun ilimi, kuma a ƙa'idojin makarantu da yawa wanda ya rubuta shi kaɗai ya fi samun maki a kan wanda ya yi tarayya da wasu. Malamin da ya ɓata yammacinsa yana koya wa ƙaramin abokin aiki yadda ake tsara bincike ba shi da gurbin da zai rubuta hakan a fom. Wannan ya haifar da wata gurguwar tarayya da kowa ya sani: “Malam, don Allah a saka sunana a ciki, ni ma zan saka naka a tawa.” Sunaye biyar a kan muƙala, amma mutum ɗaya ne ya san abin da ke cikinta. A takarda an yi aiki tare, a zahiri ba wanda ya ƙaru da wani.

Sai batun kuɗi. Inda albashi ba ya kai wa ƙarshen wata, bayanan darasi sun zama jari. Hukumomin makarantu sun sha hana sayar da handawut, sai ya dawo da bango mai kauri a kira shi littafi. Wanda yake samun na cefane daga takardunsa ba zai miƙa su ga sashe don wani ya yi amfani da su kyauta ba. Ga kuma tsoron sata. Malamai da dama na da labarin wanda ya faɗi tunaninsa a taron ƙara wa juna sani, bayan 'yan watanni ya gan shi a mujalla da sunan wani. Ko labarin gaskiya ne ko ƙari, tasirinsa ɗaya ne: kowa ya kama bakinsa sai aikin ya fito.

Akwai kuma abin da ya shafi tarbiyyarmu. Girmama na gaba abu ne mai kyau da ba za mu so a rasa ba, amma wani lokaci yakan toshe hanya. Ƙaramin malamin da ya ƙware a sabuwar manhajar nazarin alƙaluma yana jin nauyin ya ce wa wanda ya koyar da shi, “Ranka ya daɗe, akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi.” Shi kuma babban yana jin kunyar tambayar ɗan cikinsa. Haka za su shekara suna gaisawa da mutunci, kowa na riƙe da rabin abin da ɗayan ke nema.

Malamai mata na da nasu ƙarin cikas. Labarin tallafin bincike, sunan mujallar da ba ta cin kuɗin banza, ranar rufe neman gurbin ƙaro karatu, yawanci ba a allon sanarwa ake fara jin su ba. A majalisa ake jin su, ƙarƙashin bishiya bayan la'asar ko a teburin mai shayi, wuraren da mace ba ta zama. Idan makaranta ba ta da tsayayyar hanyar isar da irin wannan bayani ga kowa, to ta ware wani ɓangare na malamanta ba tare da ta yi niyya ba. Kusancin Kano ma na da nasa tasiri. Malamin da iyalinsa ke birni, yana zuwa ya yi darasi ya juya kafin magariba, ba shi da lokacin zaman da ake musayar tunani a cikinsa.

Tsakanin makaranta da makaranta kuwa, akwai katangar da gwamnati da kanta ta gina. Jami'o'i na ƙarƙashin hukumar NUC, kwalejojin fasaha na ƙarƙashin NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977. Ƙungiyoyin malamansu daban, ASUU da ASUP, tsarin albashinsu daban. Bambancin da ake nunawa tsakanin mai babbar difloma da mai digiri ya daɗe yana ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Majalisar tarayya ta amince da ƙudurin kawar da shi a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Sakamakon haka wani malamin jami'a na ganin ba abin da zai koya a kwalejin fasaha, na kwalejin kuma na ganin an raina shi, sai ya ja jikinsa.

A kan duk wannan aka ɗora yajin aiki da ƙaura. ASUU ta yi kusan wata tara tana yaji a 2020, ta kuma yi wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗaya daga cikin koke-kokenta a kan tsarin biyan albashi na IPPIS shi ne bai yi tanadin malaman ziyara da masu zuwa hutun bincike na shekara a wata jami'a ba, alhali ta wannan hanya ce ƙananan jami'o'i ke samun gogaggun farfesoshi. Sai a Disambar 2023 majalisar zartarwa ta amince a cire manyan makarantu daga tsarin. Kafin nan da yawa sun tattara sun bar ƙasar, ko sun bar aikin.

Abin takaici shi ne, an sha zargin makarantu a sassan ƙasar nan da aron malamai da kayan aiki na kwana biyu ko uku idan masu tantance kwasa-kwasai za su zo, a mayar bayan sun tafi. Idan har ana iya aron don a nuna wa baƙi, me zai hana a yi shi a fili, bisa yarjejeniya, don ɗalibai su amfana?

Gadon da muka tarar

Ba daga waje za mu aro wannan ɗabi'a ba. Ilimi a ƙasar Hausa da yawo ya ginu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu al-Maghili ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya koyar, ya yi rubutu. Katsina ta yi Ɗan Marina da Ɗan Masani a ƙarni na 17. A Tambutu, Ahmad Baba ya yabi malaminsa Muhammad Baghayogho da cewa yana bayar da aron littattafansa masu tsada ga duk mai neman ilimi, a zamanin da kwafin littafi ɗaya da hannu kan ci watanni. A zaurukan malamai, ba abin kunya ba ne wanda ake ɗaukar karatun fiƙihu a wurinsa da safe ya je ya durƙusa gaban wani da yamma yana ɗaukar nahawu. Kuma malaman addini ba su gushe ba suna jan kunne a kan girman laifin wanda aka tambaye shi ilimi ya ɓoye.

Amma akwai wani sirri a wannan tsari da ya kamata manyan makarantunmu su lura da shi. Ana bayarwa hannu sake ne saboda ba a mantawa da sunan mai bayarwa. Ɗalibi na karɓar ijaza da salsalar malaman da ilimin ya biyo ta hannunsu. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya ɗauka daga kowanne. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta tsara 'Yan Taru, inda jagororinsu mata, da ake kira jaji, ke zuwa su ɗauki karatu su kai wa mata a ƙauyuka, kowa ya san daga inda karatun ya fito. A Ingila ma, lokacin da aka fara fitar da mujallar masana kimiyya ta Royal Society a 1665, abin da ya jawo masana suka yarda su bayyana bincikensu shi ne tabbacin cewa za a rubuta sunan wanda ya fara ganowa da ranar da ya kawo. Darasin ɗaya ne a ko'ina. Mutum na sakin abin da ya sani idan ya amince ba za a binne sunansa ba.

Abin da Roni da Gwiwa ke jira

Wani zai ce wannan magana ce ta cikin gida tsakanin malamai. Ba haka ba ne. Roni da Gwiwa ƙasar manoma ce da makiyaya, masu gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, da masu noman rani a inda ruwa ya samu. Matsalolinsu ba sa zuwa a rarrabe bisa sassan makaranta. Famfon burtsatse mai aiki da hasken rana da ya lalace a wani ƙauye na buƙatar masanin lantarki, da masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda ya fahimci duwatsun yankin Kazaure, da wanda zai tsara yadda jama'a za su riƙa tara kuɗin gyara. Manomin tumatir da kayansa ke ruɓewa kafin su kai kasuwa na buƙatar injiniya da masanin abinci da masanin kasuwanci a lokaci guda. Ungozomar da ke aiki a ƙaramin asibitin karkara za ta amfana da 'yar manhajar waya mai tuna wa masu juna biyu ranar awo, kuma masu iya rubuta ta suna Kazaure, masu sanin abin da ya kamata ta ƙunsa suna Babura. Kwararowar hamada a iyakar Babura da Jamhuriyar Nijar ma haka take.

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na rubuta kundin kammala karatu a kan irin waɗannan batutuwa. A manyan makarantu da yawa, kundayen na ƙarewa ne a saman kabad, ƙura ta rufe su, gara ta yi rabonta. Malamin da ke duba ɗalibi bana bai san cewa shekara huɗu baya wani abokin aikinsa ya duba irin wannan aiki ba, har an gano inda na'urar busar da kayan lambu ke samun matsala. Sai a sake ƙera ta daga farko, a sake faɗawa ramin da aka faɗa. Manomi a nan ya san irin da aka ƙulle a rumbu shekara da shekaru ba a shuka ba, ba a ba maƙwabci ba, ƙwari ne ke cin gajiyarsa. Binciken da aka ajiye a kabad ma haka yake.

Su kuma malaman kimiyya na makarantun sakandaren Roni, Gwiwa da 'Yankwashi, su ne ke shirya ɗaliban da za su cika waɗannan ajujuwa. Malamin jami'a da ke kukan ɗalibai sun zo ba su da tushe a lissafi, bai taɓa zama da wanda ya koyar da su a aji shida ba, balle su gano tare inda gizo ke saƙar.

Kayan aikin suna nan

Ba za a ce babu abin farawa da shi ba. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin asusun harajin ilimi na 1993, yana samun kuɗinsa daga ribar kamfanoni. Harajin ya fara da kashi 2 cikin ɗari, ya kai kashi 3 a 2023, kuma ana raba kuɗin asusun kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Yana biyan kuɗin ƙaro karatu, halartar taruka, binciken cikin makaranta da buga mujallu. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canji da kuma waɗanda ke tafiya ba su dawo ba. Ma'anar wannan ita ce horon malamai ya dawo gida, kuma ingancinsa ya rataya a kan yadda manya za su buɗe wa ƙanana.

Sauye-sauyen manhajar karatu ma na tilasta haɗa kai. Sabon tsarin da NUC ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta. Jami'ar da ke Babura ba za ta samu abin cike wannan gurbi da ya fi gogewar waɗanda suka shekara talatin suna koyar da fasaha a wannan ƙasa ba. A ɗaya ɓangaren, a farkon 2024 NBTE ta raba babbar diflomar kimiyyar kwamfuta gida huɗu: ƙirƙirarriyar basira, haɗa na'urori da ajiyar bayanai ta intanet, rubuta manhajoji da shafukan intanet, da tsaron bayanai. Da wuya sashe ɗaya ya mallaki ƙwararru a duka huɗun. Amma idan aka haɗa na kwalejin Hussaini Adamu da na Informatics da na Babura, hoton zai canza.

A intanet kuma akwai rumbun mujallun Afirka na AJOL da ya fara aiki a 1998, akwai shirin Research4Life da ke buɗe wa makarantun ƙasashe masu tasowa dubban mujallu, akwai hanyar sadarwar bincike ta NgREN da aka ƙaddamar a 2014. Sau da yawa ma'aikacin laburare ne kaɗai ya san makaranta na da damar shiga irin waɗannan, malamai na can suna biyan kuɗi daga aljihunsu.

Daga ina za a fara?

Matakin farko ba ya cin ko kwabo. Kowane kwas ya kasance yana da fayil mallakar sashe, mai ɗauke da bayanan darasi, gwaje-gwaje, tsofaffin tambayoyi da shafi ɗaya da malami zai rubuta a ƙarshen zango: abin da ya yi kyau, inda ɗalibai suka sha wuya, abin da zai canza. A rubuta sunan duk wanda ya ƙara wani abu da shekarar da ya ƙara, yadda salsala ke tafiya. Kada a sa hannu a takardar sallamar malami sai ya miƙa fayil ɗinsa.

Na biyu, shekarar ƙarshe ta duk mai shirin ritaya, malami ne ko ma'aikacin ɗakin gwaji, a rage masa aji a haɗa shi da matasa biyu. Wayar hannu ta isa a ɗauki bidiyon dattijo yana kwance inji yana ɗaurawa, yana bayani da Hausa ko Turanci, duk wanda bakinsa ya fi sakewa da shi. Na uku, malamai su riƙa shiga ajin juna. A Japan an fi ƙarni ana yin haka a makarantu: a tsara darasi tare, ɗaya ya koyar sauran na kallo, a fito a tattauna. Ba bincike ba ne na kama laifi, kuma kada a bari ya shiga fayil ɗin ladabtarwa.

Tsakanin makarantu, taron ƙara wa juna sani na wata-wata mai zagayawa, wannan wata a Kazaure, na gaba a Babura, a lokacin aiki yadda mata za su samu halarta, motar makaranta ɗaya ta ishe shi. A rubuta abin da kowa ya gabatar da kwanan wata, don mai tsoron sata ya samu natsuwa. A haɗa jerin sunayen kundayen ɗalibai na duk makarantun a wuri ɗaya da kowa zai iya dubawa a waya, kowanne da taƙaitawar shafi ɗaya da Hausa, wadda za a iya karantawa a rediyo ko a miƙa wa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma. A ƙulla yarjejeniyar amfani da ɗakunan gwaji, domin ba hikima ba ce a sayi na'ura mai tsada sau biyu a garuruwan da ke maƙwabtaka, kowacce ta yi aiki kwana goma a shekara. Sau ɗaya a zango kuma a gayyato malaman kimiyya na sakandaren Roni da Gwiwa, a saurare su kafin a yi musu lacca.

Duk waɗannan ba za su ɗore ba sai an taɓa fom ɗin ƙarin girma. Majalisun gudanarwar makarantu na da ikon sanya maki ga rainon ƙananan malamai, ga kayan koyarwa da aka bai wa sashe, ga binciken da aka yi da wata makaranta, tare da neman kowane marubuci ya fayyace abin da ya yi a cikin muƙala. Ranar da taimakon abokin aiki ya fara kai mutum mataki na gaba, ba sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Mafi yawan matsalolin ilimi a ƙasar nan sai an jira Abuja: albashi, kasafin kuɗi, ɗaukar ma'aikata. Wannan ba ya cikinsu. Shugaban kwalejin Kazaure, shugaban jami'ar Babura, shugabannin Informatics da makarantar ungozoma da kwalejin share fage za su iya zama a ɗaki ɗaya cikin mako guda su sa hannu a kan takarda mai shafi biyu. Masarautun Kazaure da Ringim, waɗanda waɗannan garuruwa ke ƙarƙashinsu, na da girman da za su kira irin wannan zama a amsa. Shugaban sashe ma ba ya buƙatar izinin kowa kafin ya buɗe fayil ɗin kwas ranar Litinin mai zuwa. Ana iya sake gina aji idan ya rushe, ana iya sayen sabon inji idan kuɗi sun samu. Gogewar shekara talatin kuwa, idan mai ita ya tafi ba a karɓa ba, sai an sake shafe wasu shekaru talatin kafin a mayar da ita, kuma 'ya'yan talakawan yankin ne za su biya wannan jira da karatunsu.